Kundin labarai goma sha biyu: yadda aikin ke tafiya daga kaka zuwa damina

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Mu shida ne a wani gari da ke tsakanin Ringim da Taura a Jihar Jigawa: malaman firamare biyu, mace da namiji, ma'aikaciyar lafiya a asibitin sha-ka-tafi, tela, malamar Islamiyya mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gida, sai mai awon hatsi da ke cin kasuwar Gujungu ran Lahadi da ta Maigatari ran Alhamis. Kowa da iyali, mazan kuma duk suna noma. Abin da muka sa a gaba kundin gajerun labarai ne, kowa zai kawo biyu, kowane labari kalma 3,000 ko kusa da haka, jimilla 36,000. Burin shi ne a gama kafin ruwan shuka ya sauka.

Kafin a rubuta ko layi ɗaya sai da aka yi awo. Littafin rubutu mai falle 60, irin na 'yan makaranta, shafi 120 ne. Rubutun hannu matsakaici yana ɗaukar kalma takwas zuwa tara a layi, shafi guda kuma yana cin kalma 180 ko kusa da haka. Ke nan labari mai kalma 3,000 shafi 17 ne. Wanda ya san abin da zai faɗa tun kafin ya zauna yana cika shafi ɗaya da rabi a minti 25. Zama huɗu a mako shafi shida ke nan, kalma dubu da 'yan kai. A mako uku zubin farko na labari ya kammala. Don haka ba yini guda muke nema wa kowa ba. Minti 25 muke nema, sau huɗu a mako.

Sharaɗin nan na sanin abin da za a faɗa kafin a zauna, a nan yawancin masu son rubutu ke tuntuɓe. Mutum ya samu ɗan shiru da ƙyar, ya buɗe littafi, sai ya ƙarar da lokacin yana tunanin sunan da zai sa wa tauraruwar labarin. Shi ya sa muka raba aikin gida uku. Saƙa labari a ka ba ya buƙatar zama: ana yin sa a hanyar makaranta, a kan keken ɗinki, a bakin kaskon suya, a bayan motar kasuwa. Zubawa a takarda shi ne mai son shiru. Bugawa a waya da gyara suna jure hayaniya, caji kawai suke so. Kowa zai riƙe 'yar takarda a aljihu ko a gefen zani, ya rubuta layi uku kan gaɓar da zai zuba gobe: wa ke cikinta, me yake so, me ya tare masa hanya.

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Lalacewar manyan layukan wuta a ƙarshen Oktoba ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Litar fetur ta riga ta haura naira 1,000, masu cajin waya da janareta suka ƙara kuɗi, layi kuma ya yi tsawo. Biyu daga cikinmu da suka fara zubin farko kai-tsaye a waya aikinsu ya tsaya cak, masu littafi da biro kuwa ba su fasa zama ko ɗaya ba. An yanke shawara: zubin farko a takarda, ba sauran gardama. Bayan maganar caji ma akwai wani dalili. Wayar da ake rubutu a kanta ita ce wadda saƙo ke shigowa, kuma minti 25 ba ya ɗaukar katsewa ko sau ɗaya.

An gwada lokuta uku. Bayan isha'i shi kowa ya fara zaɓa, shi ne kuma ya fi ba da kunya. A kaka namiji ya yini yana yankan dawa ko roron wake, mace ta yini tsakanin aiki da tukunya, ido ba ya kai rabin shafi. Abin da aka rubuta a gajiye ma washegari sai an soke rabinsa, saboda maimaici ne ya fi yawa a ciki. Tsakanin azahar da la'asar ya yi wa tela da malamar Islamiyya daidai, amma bai yi wa malaman firamare ba, lokacin ne suke dawowa da yunwa.

Bayan sallar asuba shi ya ci. Daga sallamewa zuwa fitowar rana akwai kusan minti 45. A ba azkar da karatun Alƙur'ani haƙƙinsu, abin da ya rage ya isa zama guda. Sai dai yana da sharuɗɗa uku, in aka bar ɗaya zaman ya rushe. A ajiye littafi, biro biyu da fitilar sola wuri ɗaya tun dare. A kwanta kafin ƙarfe goma, domin wanda ya yi hira har sha ɗaya da rabi barcinsa yake ci, kuma bayan kwana kaɗan jiki zai karɓi bashinsa a aji ko a bakin aiki. Na uku ya shafi mata: abin karin kumallo a rage masa aiki tun dare, a tace gasarar koko, a jera kayan makarantar yara, a ɗebi ruwan wanka. In ba haka ba, lokacin asuba na murhu ne.

Asabar, 23 ga Nuwamba, 2024

Zubin farko na labarai huɗu ya kammala, biyu sun maƙale a tsakiya. Duka biyun na mata ne, kuma ba ƙarancin basira ko himma ya jawo ba. Namiji in ya shiga zaure ko shago da littafi, ba mai biyo shi da kukan yaro. Mace kuwa tana tsakar gida ko tana ɗaki, duk wanda ke neman wani abu ita yake nema. Wannan ne ya fi kowane abu cin lokacinmu a watan nan, kuma ya cancanci hakan.

Abu na farko, rubutun ɓoye ba ya ɗorewa. Matar da ke rufe littafi da ta ji sallamar maigida tana jawo wa kanta zargi a banza, namijin da ke shige wa waya ba bayani shi ma haka. A faɗa a fili, a faɗi iyakarsa. Magana irin wannan ta fi "ina son in riƙa rubutu" tasiri nesa ba kusa ba: "Malam, alfarma nake nema. Litinin da Laraba bayan la'asar, rabin awa, zan zauna da littafin nan. Abinci zai kasance a sauke kafin nan." Mai jin wannan ya san abin da aka roƙa da inda ya tsaya. Inda uwar miji ke gidan, ita ake fara sanarwa: "Inna, ga abin da nake yi, a sa mini albarka." A kuma karanta musu wani abu daga ciki. Mutanen gida suna kare lokacin abin da suka ji da kunnensu fiye da wanda ake ɓoye musu.

Na biyu, a gidan da ake raba girki, jadawalin rubutu ya bi na girki. Mai kwana biyu a girki, kwana biyu a hutu, zamanta na rubutu ya faɗa ranakun da ta fita. Zama biyu a kowane kwana huɗu ya kusa kai huɗun da ake nema a mako. Namiji mai mata fiye da ɗaya kuma kada ya shiga da littafi ɗakin mai girki. Lokacin nata ne, in ya ci shi da rubutu, rubutun ya zama abokin gaba a gidan.

Na uku shi ne abin da matanmu suka kira adashen raino. Mata biyu maƙwabta, ko kishiyoyin da ke jituwa, ɗaya ta kwashi yaran duka na awa guda yau, gobe ɗayar ta karɓa. Ba dole abokiyar ta zama marubuciya ba, ita ma tana da kitso ko ɗinkin hula da take so ta yi a natse. Inda yake lalacewa wuri biyu ne: in ɗaya ta fara tsallake zubinta, ko in aka haɗa da jaririn da ke shan nono. Mai goyo dabararta daban ce, ta rage zaman zuwa minti 15 a barcin hantsin jariri, ta kuma yarda labarinta zai ci mako biyar maimakon uku. Ɗora wa babbar 'ya rainon ƙanne don uwa ta yi rubutu ba mu yarda da shi ba in zai taɓa makarantarta ko haddarta.

Mazan su ma an ɗora musu nasu. Duk wanda ke cin moriyar asuba a natse, ya ɗauki wani aiki bayyananne a madadi: kai yara makarantar allo, ɗebo ruwa, ko duba musu aikin gida da dare.

Asabar, 21 ga Disamba, 2024

Malaman firamare ba su zauna ko sau ɗaya ba a makonni biyun jarrabawa. Makin takardu da cike sakamakon aji mai yara masu yawa suna cinye asuba da dare duka. Tun farko ya kamata a cire makonnin nan daga lissafi, kuma an cire na zango na biyu da na uku tun yanzu.

Hutun makaranta bai kawo abin da ake zato ba. Bayan kaka kuɗi na hannu, bukukuwa sun yi yawa, tela ba ya ɗaga kai, mata suna gidan biki. Wanda ya ce zai rama da zaman awa huɗu a rana ɗaya yakan tashi da shafi huɗu ko biyar, domin bayan awa ta farko hannu da kai duk sun yi sanyi. Zama huɗu na minti 25 sun fi shi yawa da kyau. Labarai shida na zagayen farko dai sun cika a takarda.

Asabar, 18 ga Janairu, 2025

Hunturu shi ne kakar marubucin karkara. Amfanin gona ya shiga rumbu, dare ya yi tsawo, sanyi yana korar mutane ɗaki da wuri, hirar dandali ta ragu. In ban da mai noman rani, kowa ya ƙara zama na biyar a mako. Matsalolinsa ƙanana ne amma suna tsayar da aiki. Hazo da ƙura suna rage ƙarfin farantin sola, fitilar da ke kai awa huɗu sai ta mutu a biyu, don haka a goge farantin da tsumma kowace safiya. Yatsu suna tsagewa, a shafa man kaɗanya tun dare, ba dab da kama biro ba, don kada takarda ta yi maiƙo tawada ta ƙi zama.

An fara bugawa a waya. Shafi guda na rubutun hannu yana cin minti 10 zuwa 12 da manyan yatsu biyu, labari guda kusan awa uku ke nan. Ana yin sa a gutsure: a layin niƙa, a tasha kafin mota ta cika, a ɗakin malamai lokacin tara, a shago in ba ciniki. Ga abin da ya kamata a yi tun kafin a buga kalmar farko.

A shiga saitin Gboard, manhajar haruffan da ake latsawa a waya, a ƙara harshen Hausa. In aka danne k, d ko b aka riƙe, ƙ, ɗ da ɓ za su fito. Wanda ya buga labari duka da k da d da b a kan zai gyara daga baya ya ɗaukar wa kansa aiki biyu, domin ba yadda za a sauya su a dunƙule: kafa da ƙafa, dauri da ɗauri, bari da ɓari, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. A kashe gyaran kalma da waya ke yi da kanta, in ba haka ba za ta riƙa mayar da kalmomin Hausa na Turanci ba a lura ba. A buga a WPS Office ko Google Docs, duka suna ƙirga kalmomi. Kada a buga a akwatin saƙon WhatsApp, yatsa ɗaya ya kuskure shafi uku sun tafi.

Ajiya wuri uku ce: littafin takarda, wayar, da kwafin da aka tura imel ko aka tura wa wani daga cikinmu duk ranar Juma'a. Waya tana faɗawa rijiya, tana ɓata a wurin caji, yaro yana goge abu da wasa. Sunan fayil ya ɗauki kwanan wata, misali sunan labari sannan 18-01, don kada a wayi gari ana gyara tsohon kwafi. Littafin kuma a sa shi a leda a cikin akwatin ƙarfe, ba a ƙarƙashin katifa ko jikin bangon ƙasa ba, saboda gara da ɓera.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Mutum biyu tsarin asuba bai taɓa yi musu ba, an sake musu wani.

Ma'aikaciyar lafiya aikinta juyi ne, safe, yamma, dare. Ranar awon ciki da ranar riga-kafi ba ta da sararin shan ruwa ma. Rubutu a bakin aikin dare mun hana, ko da ɗakin ya yi shiru: hankalin da ke cikin labari ba ya jin canjin numfashin mara lafiya, amana kuma ta fi kundi. Tsarinta yanzu ba ya bin ranakun mako, jadawalin aiki yake bi. Da an liƙa na wata, sai ta sa alama a ranakun aikin yamma, ta zauna da hantsi bayan yara sun tafi makaranta. Ranar da ta sauko daga aikin dare ta barci ce kawai. Akwai kuma ka'idar da ta shafe ta ita da malamai: abin da aka gani a wurin aiki ba ya shiga labari yadda mai shi zai gane kansa. A gari ƙarami sauya suna kaɗai ba ya ɓoye kowa, sai an sauya shekaru, sana'a, unguwa da yadda abin ya ƙare.

Mai awon hatsi ranakun kasuwa tun duhu yake fita. Shi saƙon murya ya karɓe shi: a mota yana faɗar gaɓar a waya, minti uku zuwa huɗu, washegari ya saurara ya zuba a takarda. Magana ta minti huɗu tana ba da fiye da shafi biyu. Illarsa ita ce labarin baka yana zuwa da "sai ya ce, sai ta ce" da yawa da maimaita abu, don haka ba kwafa ake yi ba, sake rubutawa ake yi. Amfaninsa kuma hirar taurarinsa ta fi ta kowa kama da maganar mutane.

Kuɗin data ya tashi a watan nan bayan ƙarin da aka amince wa kamfanonin waya. An koma tura fayil sau ɗaya a mako. Azumi saura mako guda, zubin farko na labarai goma yana hannu. Duk wanda bai gama ba an ce kada ya tsaya a ƙarshen gaɓa. Ya tsaya a tsakiyarta, ya rubuta a ƙasan shafin abin da zai biyo baya har zuwa ƙarshen labarin, layi goma ko sha biyu.

Asabar, 15 ga Maris, 2025

An ɗauki azumi 1 ga Maris. Ba sabon rubutu a watan nan, da gangan. Sahur ya cinye asuba, tafsiri da girkin buɗa-baki sun cinye yamma, tarawihi ya cinye dare, goman ƙarshe kuma ga tahajjud. Tela yana cikin ɗinkin sallah har wuya. Wanda ya ga sarari bayan azahar yana iya buga shafi ɗaya ko biyu na abin da ya riga ya rubuta, ba tilas. Hutun da aka tsara da wanda ya faɗo wa mutum ba ɗaya ba ne: na farko ba ya barin jin laifi, shi kuwa jin laifin nan shi ke hana mutane komawa ga littafi.

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

An yi sallah 30 ga Maris, aka ba ziyarce-ziyarce mako guda. Komawa bayan kwana arba'in ta fi farawa wuya, saboda muryar labarin ta fita daga kunne. Abin da ya yi aiki: zama na farko ba a rubuta komai, a karanta labarin daga farko da murya. Zama na biyu a kwafe shafi na ƙarshe da hannu a sabon shafi, kafin a kai ƙasansa hannu ya kama hanya, sai a zarce. Wanda ya rubuta layi goman nan na Fabrairu ya koma cikin zama biyu. Mutum ɗaya da ya tsaya a ƙarshen gaɓa ba tare da su ba har yanzu yana neman bakin zaren.

Bazara ta kawo nata. Zafin rana yana haura digiri 40, ɗakin kwano ba ya zaunuwa daga hantsi har magariba, kowa a tsakar gida yake kwana, don haka keɓewar da hunturu ya bayar ta tafi. Fitila a tsakar gida da asuba tana tashin yara. Mazan sun koma zaure ko harabar masallaci bayan an watse, matan kuma rumfar girki kafin a hura wuta. Kada a bar waya tana caji a rana ko a kan kwano, batir yana kumbura. Gumi yana jiƙa takarda tawada ta baje, a sa wani falle a ƙarƙashin hannu.

Asabar, 10 ga Mayu, 2025

Labarai goma sha ɗaya sun shiga waya. Yanzu tacewa ake yi, ita ma an raba ta don ta shiga ƙananan lokuta. Wanda ya ce zai gyara komai a karatu ɗaya yana gyara waƙafi a sakin layin da zai soke gobe.

Bi na farko na ginin labari ne, kuma ba marubucin ke yin sa ba. Kowa ya ba wani nasa, maza da mata ta hanyar waya, matan kuma suna haɗuwa a gidan ɗayarsu. Mai karatu tambaya uku kawai zai amsa: ina ka fara gajiya, ina ka ruɗe, wane ne ba ka yarda da abin da ya aikata ba. "Ya yi daɗi, Allah ya ƙara basira" addu'a ce mai kyau, amma ba ta gyara labari. Abin da ya fi fitowa shi ne doguwar shimfiɗa: shafi uku na asalin tauraro da kakanninsa kafin komai ya faru. A labari mai shafi 17 wannan kusan kashi ɗaya cikin shida ne. Yawanci an yanke shi zuwa sakin layi guda. Wani abin kuma, labaran da aka rubuta a gutsure suna da tabonsu: yarinyar da aka ce tana aji biyar a shafi na 2 ta koma aji uku a shafi na 12, ko damina ta zama rani ba a sani ba. Maganinsa bangon littafi na ciki, a rubuta sunan kowane tauraro, shekarunsa, danginsa da lokacin da labarin ke faruwa, a riƙa dubawa.

Bi na biyu karatu da murya ne, minti 20 ga labari guda. Duk inda harshe ya sarƙe, jimlar ce ke da laifi.

Bi na uku na ka'idojin rubutu ne, waɗanda aka daidaita a tarurruka irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980. Kurakuran kusan iri ɗaya ne a wurin kowa, kuma rubutun waya ne ya saba mana da su: "ya na" da "su ka" a rabe alhali "yana" da "suka" ne, "zasu" da "bata zo ba" a haɗe alhali "za su" da "ba ta zo ba" ne, "gidan sa" maimakon "gidansa". Wannan bin ya fi sauƙin shiga ƙaramin lokaci, saboda ana amfani da wurin nema na manhajar: a nemi "su ka" a gyara duka a minti biyar, gobe a nemi "zasu". A gyara ɗaya bayan ɗaya dai, kada a danna sauya duka, domin "bata" wani wurin "ba ta" ake nufi, wani wurin "ɓata".

An kawo shawarar a riƙa sakin labaran shafi-shafi kullum a WhatsApp kamar yadda marubuta da yawa ke yi. Ba mu karɓa ba. Tsarin yana tara masu karatu, gaskiya ne, amma yana ɗora wa marubuci bashin kullum, masu jira ba su san ranar girki ko ranar awo ba, abin da aka saki kuma ba ya gyaruwa. Mai zama huɗu a mako ya gama tukuna, sannan ya saki.

Asabar, 14 ga Yuni, 2025

An yi babbar sallah 6 ga wata. Sassabe da kai taki sun ci rabin Mayu, yanzu ido na sama. Burin gamawa kafin shuka bai cika ba: labari na goma sha biyu yana shafi na 11, uku kuma ba su wuce bi na farko ba. Lissafin Oktoba ya ƙirga zubin farko daidai, amma bugawa da bi uku na tacewa sun ci kusan ninkin lokacin zubin. Mai tsara irin wannan aiki ya ware wa labari mai kalma 3,000 mako takwas zuwa tara daga farko har ƙarshe, ba uku ba, sannan ya cire azumi, sallah biyu da makonnin jarrabawa.

An yi lissafin ɗab'i. Shafin littafi mai girman A5 yana ɗaukar kalma 270 ko kusa da haka. Kalma 36,000 shafi 133 ke nan, a ƙara shafin suna, sadaukarwa, abin da ke ciki da guraben da ke ƙarshen labarai. Maɗaba'a tana aiki da ninkin 16, don haka 144 za a nufa, tara sau 16. Lambar ISBN, wato lambar rajistar littafi, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samun ta. Fayil kuma PDF za a kai Kano, ba wanda za a iya taɓawa ba, domin in kwamfutar shagon ba ta da samfurin haruffan da ke ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ, sai su fito akwati-akwati ko su sauya siffa a tsakiyar kalma. Charis SIL da Noto Serif duka suna da su. Kafin a buga da yawa, a karɓi kwafi ɗaya a karanta shi a takarda daga bango zuwa bango.

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Shuka ta kama, an shiga noman firi. Da gari ya waye mazan suna gona, malamin firamare ma sai ya yi awa guda da fartanya kafin ya tafi aji, saboda haka zaman asuba ya tashi daga hannunsu har a gama maimai. Abin da ya rage musu ranar da ruwa ya hana fita, da tsakanin azahar da la'asar ran Juma'a. An rage musu zuwa zama biyu a mako, na gyara kawai. Asibiti ya fara cika da masu zazzaɓin cizon sauro, ma'aikaciyar lafiya ta miƙa labaranta biyu a tace, an sallame ta sai Oktoba. Matan biyu da suka rage su ke riƙe da aikin yanzu, domin gida yana yin shiru da hantsi in maza da manyan yara sun tafi gona, kafin a ɗora abincin da za a kai musu.

Inda aka tsaya: tara sun gama bi uku, biyu suna bi na biyu, na goma sha biyu saura shafi huɗu a zubin farko. Malamar firamare za ta haɗa taran a fayil ɗaya a hutun ƙarshen zango, ta daidaita haruffa da lambobin shafi. Kuɗin ɗab'i sai an sayar da riɗi, don haka tafiya maɗaba'a ta koma Nuwamba. Duk littattafan takarda an tattara su a akwatin ƙarfe ɗaya, an ɗora shi a kan bulo saboda danshi. Rahoto na gaba bayan maimai, in Allah ya kai mu.